Bindigar da Inna ta Goge

Tun da na yi wayo na ga bindigar Baba a rataye a ƙusa ɗaya, a ɗakin Inna, can sama da gadon ƙarfe inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mai baki biyu ce, baƙa wuluk, irin ta harbin tsuntsu. Baba ba maharbi ba ne, manomi ne mai 'yar gonar shinkafa a bakin ruwan Watari, kuma tsuntsayen jan-baki ne suka sa ya saye ta tun kafin a haife ni. In shinkafa ta fara nuna sai ya saɓa ta ya tafi, ya saki harbi ɗaya sama, tsuntsayen su tashi su koma gonar maƙwabci. Mukan tsokane shi cewa da akwai adalci, da maƙwabtansa sun daɗe da kai shi ƙara.

Masu bindiga ba su da wuya a ƙauyenmu, amma duk ta maƙera ce, kuma ban taɓa jin an tambayi wani takarda ba. Baba kaɗai ke da lasisi, kuma ba ya bari a manta da hakan. Duk farkon shekara sai ya sa babbar rigarsa, ya ɗauko ɗan littafin daga akwatin ƙarfe, ya shiga Kano ya sabunta. In ya dawo kuwa sai mun sha labari. Yakan ce ba kowa ake ba ba: sai an tabbata idonka na gani, hankalinka ɗaya, ba ka shaye-shaye, ba a taɓa kama ka da laifin faɗa ba. In muka yi masa gardama a kan wani abu sai ya ce shi dai hukuma ta duba shi ta ce yana da hankali, mu fa wa ya duba mu? Abu ɗaya ne bai taɓa faɗa mana ba, ina jin ko shi bai sani ba, wato lasisin nan ba ya wuce ran mai shi.

A tsakiyar damina Allah ya yi masa rasuwa. Na taho daga Rijiyar Zaki, inda nake aure nake kuma koyarwa a wata firamare, na zauna da Inna har aka yi addu'ar arba'in, daga nan na riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Liman ya ce a dakata da rabon gado sai amfanin gona ya shigo gida, kada kowa ya taɓa komai na mamaci kafin nan. Mu kuwa ba mu ga bambancin bindiga da garma ko keke ba, duk kayan gado ne. Yayanmu ya kwashe harsasan ya kulle a akwatin Baba, ita kuma aka bar ta a ƙusarta.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kuma taɓa kama sunansa ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce da ni in gaya wa wancan tuwo na hucewa, alhali yana zaune a gabanta. Akwai wani mai tallan manja da suke suna ɗaya, shi ma sai da ta sauya masa, ta riƙa kiransa mai jarka. Ni da na yi boko nakan ce wannan kunya ta yi yawa, mutum ya fara furfura ana ɓoye sunansa kamar kayan sata. Yaya yakan yi dariya kawai ya ce in bar masa uwarsa yadda ya same ta.

Ranar arba'in ne, a zaure, Yaya ya faɗa wa manya cewa in abubuwa sun lafa zai kai bindigar wurin hukuma a juya lasisin zuwa sunansa, kamar yadda ake juya takardar gona. Kowa ya ce ya kyauta, haka Baba zai so. Maganar ta shiga cikin gida ta kai kunnen Inna. Washegari na same ta ta sauko da bindigar ta ɗora a cinya tana juya ta, fuskarta a ɗaure. Wata shekara bindigar ta taɓa suɓuce wa Baba ta faɗa cikin magudanar ruwa, tun daga nan tsatsa ta kama ta ta ƙasa, daidai inda ake karya ta a sa harsashi. Inna ta ce ba da ita ba za a kai wannan ƙazantar gaban manya, a ce haka matarsa ta riƙe masa kaya.

Sai an san Inna za a gane wannan magana. Mace ce da in ta ari tukunyarki ta dawo miki da ita sai kin yi shakkar taki ce. Kwanukan ɗakinta kana iya duba fuskarka a jikinsu. Ga shi takaba ta ɗaure mata hannu, ta ajiye suyar ƙuliƙulin da take yi, ba lalle, ba kwalli, ba fita ko ƙofar zaure, sai carbi da karɓar 'yan gaisuwa. Bindigar nan ta zame mata abin yi. Kullum da hantsi, in ta idar da walha, sai ta shimfiɗa tsumma ta zauna. Ta fara da toka da lemun tsami, ta koma yashi da soson ƙarfe. Da ta ga tsatsar ta ƙasa ta ci ƙarfen ta yi rami-rami, sai ta aika aka ɗauko mata dutsen da Baba ke wasa lauje da shi. Wani lokaci in na leƙa sai in ga hannunta na tafiya, hawaye na bin kumatunta, ba ta ma san na shigo ba. Tausayinta yakan kama ni in koma da baya.

Kafin takabar ta zo ƙarshe bindigar ta tashi daga baƙa ta koma fara fes kamar sabon ludayin dalma. Matan da ke zuwa gaisuwa suka riƙa yabawa, har da masu cewa ko mai ita ya dawo ba zai gane ta ba. Duk gidan ba wanda ya kawo komai a ransa. Mun ga tsatsa ta tafi, shi ke nan.

Lokacin ana ta jin labarin masu satar mutane a garuruwan da ke yamma da mu, dagaci ya aiko mai shela cewa duk mai bindiga ya tabbata takardarsa na nan daidai. Yaya ya ce to ba sai an jira rabon gado ba, gara ya je da kansa kafin a zo nemansa. Ya ce in raka shi tun da ni ce mai karanta Turanci. Ya naɗe bindigar a sabuwar tabarma, ya ɗaure a bayan babur, ya sa babbar riga kamar yadda Baba ke yi, ni kuma na riƙe ɗan littafin a jakata. A hanya har yana ta lissafin yadda zai tare jan-baki bana. Muka isa caji ofis na yankinmu rana ba ta yi zafi ba.

Wani kofur muka samu a kanta. Yaya ya gaishe shi ya faɗi abin da ya kawo mu, ya warware tabarmar cike da jin daɗi. Kofur ɗin ya karɓi littafin ya buɗe, ya dubi hoton Baba, ya dubi Yaya. Sannan ya kifa bindigar ya sa babban yatsansa a wurin nan da Inna ta fi daɗewa a kai, ya shafa, ya kai ta wajen taga ya sake shafawa. Ya ja bindigar ta koma ɓangarensa na kanta, ya ce da wani ya tsaya a bakin ƙofa, shi kuma ya shiga ciki.

Ya fito da sufeto, wani dogo mai Hausar bariki, da ka ji ka san ba a nan ya tashi ba. Bai yi mana tsawa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A hankali ya yi mana bayani. Ya ce lasisin bindiga ba gona ba ce, ba a gadonsa, na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya. In mai shi ya rasu, mako biyu doka ta ba magada, kafin su cika sai an kawo ta ma'ajiyar makamai an ajiye. Wanda ke so ya nemi nasa sabo da sunansa, a bincike shi daga farko, kuma irin wannan mai baki biyun ba a nan ake sa hannu ba, sai takarda ta bi ta hannun kwamishina ta kai can sama. Ke nan tun watannin baya muke zaune da bindiga marar lasisi a gida. Ya ce wannan mai sauƙi ne, tun da da ƙafarmu muka kawo ta ana iya duba shi. Sai ya nuna mana lambar da ke rubuce a littafin, ya nuna mana ƙasan bindigar inda ya kamata a ga lambar, wuri sumul yana ƙyalli. Ya ce duk bindigar da aka yi wa rajista da lambarta ake saninta, kuma mutum iri ɗaya ya sani da ke goge lamba, shi ne wanda ba ya son a san inda bindigarsa ta fito ko inda ta je.

"Wa ya goge ta?" in ji shi.

Na buɗe baki ke nan Yaya ya taka mini ƙafa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Sufeto ya tambaye shi da me. Yaya bai taɓa iya ƙarya ba, sai ya lalubo abin da ya fi kusa da bakinsa ya ce da magagari. Da ya ce toka da yashi da wataƙila an yi dariya, amma magagari kayan aikin mai niyya ne. Na ga kofur ya dubi sufeto. Aka rubuta bayaninsa ya sa hannu, aka ce ya cire babbar riga da hula da agogo. Sufeto ya ce wannan magana ta fi ƙarfin ofishinsa, gobe bayan azahar akwai motar da za ta shiga hedikwata, da shi da bindigar za su bi ta. Ban san doka sosai ba, amma na san in mutum ya shiga can da sunan mai goge lambar bindiga a irin wannan lokaci, fitowarsa sai wani ikon Allah.

Kafin a shige da shi bayan kanta na roƙa aka bar ni na matsa kusa. Raina a ɓace yake, na ce masa wannan wace irin wauta ce, tsohuwa ce ta yi da dutsen lauje, a faɗa mana kowa ya huta. Ya ce in rufe masa baki. Ya ce mace mai takaba, wadda ko kasuwa ba ta taɓa zuwa ba, ita zan sa a zo a ɗauka a motar 'yan sanda gari na kallo? In aka riƙe ta ta kwana a nan fa, alhali ba ta halatta ta kwana ko'ina ba sai ɗakin mijinta?

"In kika gaya mata ban yafe miki ba," ya ce, bai ko kalle ni ba.

Na bar babur ɗin a can na hau na haya. Gidan dagaci na fara zuwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce gobe zai je da kansa, amma in sani bakinsa ba zai goge abin da Yaya ya sa wa hannu ba. Na shiga gida da la'asar sakaliya. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, kwanon Yaya na rufe a gefe. Na ce mata aikin takarda ne bai ƙare ba. Ba ta tambaye ni shi ba, ba za ta taɓa yi ba. Can an jima ta ce, kamar da kanta take magana, yau dai ba ta ji ƙarar babur ɗin nan ba. Da aka kira magariba ta sake faɗa.

Kowa ya san ni ba na iya riƙe magana, kuma ban ga amfanin koya a ranar ba. Gari na wayewa, bayan mun yi sallah, na zauna a gabanta na faɗa mata komai: lambar, da magagarin, da motar bayan azahar, har da rashin yafewar da aka ɗora mini. Ta buɗe tafin hannunta tana kallo, duk ya yi kanta, bakin faratan sun cinye. Sai ta tambaye ni ko waɗannan 'yan zane-zanen da ke cikin tsatsar su ne lambar. Ta ce ta gan su, ta ɗauka ƙarzanewa ce ta ranar da ta faɗa ruwa, su ne ma suka fi ba ta wahala kafin su fita.

Ta aika aka kira liman. Ya tsaya a zaure, ita tana bayan labule, ta tambaye shi ko mai takaba na iya fita. Ya ce in lalura ce tana iya fita da rana, sharaɗin dai ta dawo ta kwana a ɗakinta. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta ji labari ta shigo da faɗa. Ta ce 'yan kwanaki suka rage, ta yi haƙurin wata huɗu sai yanzu za ta ɓata, me za a ce a gari, maza su je su yi abinsu mana. Inna ta miƙe. Ta sa tsohon hijabinta marar ado, ta ɗauko dutsen laujen ta ƙulle a tsumma ta riƙe. A bakin zaure ta ɗan tsaya, hasken waje ya sa ta runtse ido, sannan ta taka ta fita.

A tsohuwar motar dagaci muka tafi. Sai da aka tura ta kafin ta tashi, ga shi ranar kasuwa ce a garin da ke kan hanya, amalanke da awaki da masu buhunan gero sun cushe titi. Dagaci yana ta danna oda ba mai ko waiwayowa. Ni ina duban rana ina duban agogon waya, sai addu'a nake ja a zuci ba na ma gama ta. Inna tana baya a takure, dutsen na cinyarta, idonta a ƙasa. Ana kiran azahar muka shiga harabar ofishin, muka tarar da motar a tsaye a gindin darbejiya, direban na zuba mata ruwa.

Sufeto ya karɓe mu saboda girman dagaci, amma ya ce ba shi da lokaci mai yawa. Aka nuna wa Inna benci ta ƙi, ta zauna a ƙasa gefen tebur. Bindigar na kan teburin da 'yar takarda ɗaure a jikin kunamarta, wurin da ake ja a harba. Dagaci ya fara magana, Inna ta kwance tsummanta ta ajiye dutsen a kan siminti, ƙarar ta sa kowa ya juyo. Murya ƙasa-ƙasa ta ce ita ta goge, ba da magagari ba, da wannan, kuma ba rana ɗaya ba. Ta faɗi tokar da lemun tsamin da yashin. Ta ce an ce za a kawo ta gaban hukuma, ita kuwa ko kwanon maƙwabta ba ta mayarwa da datti.

Sufeto ya ɗauki dutsen ya juya shi. Tsakiyarsa ya lotsa, akwai baƙin ƙarfe a jiki. Ya dubi hannunta. Ya ce ya ji, amma ta gane, ba yau aka fara kawo masa tsofaffi su ɗauki laifin 'ya'yansu ba. Ko ya yarda da ita, da me zai nuna wa na sama da shi cewa wannan ita ce bindigar da ke cikin littafin, ba wata aka sauya ba?

Inna ta ce akwai sauran irin zanen a ciki, ƙarƙashin katakon da ake riƙewa da hannun hagu. Takan gani in mai gidan ya ɓalle shi zai sa mai. Ta ce ta yi ta ƙoƙarin ɓalle shi ta wanke wurin, ya ƙi, har ta gwada da bakin wuƙa. Sufeto ya ja bindigar gabansa, ya danna wani ɗan ƙarfe da Inna ba ta san da shi ba, katakon ya fita. Ciki baƙi ne, da tsohon mai da ƙura. Ya goge da yatsa ya matsa wajen taga, kofur ya riƙe littafin yana karantowa, shi yana bi ɗaya bayan ɗaya. Suka kai ƙarshe. Lambar Baba ce.

Na ɗauka an gama, har na fara yi wa Allah godiya a fili. Sufeto ya ce in dakata. An san bindigar yanzu, amma ga takarda a gabansa inda mutum ya ce shi ya goge lamba da magagari, ya sa hannu. Ba ya iya yaga ta. Sai dai a ɗauki bayanin wadda ta yi, ta faɗa da bakinta cewa ita ce ba shi ba, ta dangwala, ya haɗa biyun ya kira na sama da shi. Direba ya leƙo ta taga ya tambaya ko a fito da mutumin, aka ce ya jira.

"Mama, kin san in kika dangwala maganar ta dawo kanki? Ba na yi miki alkawarin komai."

"Da ma a kaina take," ta ce.

Kofur ya ɗauki biro. Ta faɗi sunanta. Na mijinta an kwafa daga littafin, ba a matsa mata ba. Aka zo kan wanda ta zo dominsa, ta ce yaron da ya kawo ta jiya. Kofur ya ce suna ake so. Ta ce yayan wannan, ta nuna ni da haɓa. Na yi caraf zan faɗa, sufeto ya ɗaga mini hannu ya ce bayanin ba nawa ba ne. Dagaci ya gyara murya ya ce ranka ya daɗe, ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kama sunansa. Sufeto ya ce yana girmama al'ada, amma shi takarda zai tura, kuma wadda ta ce ita ce uwar mutum har ta zo ɗaukar laifinsa, in aka rubuta cewa ta kasa faɗin sunansa, su can me za su ɗauka? Ba mugunta a fuskarsa, abin ne kawai bai shige shi ba.

Ƙofar da ke bi zuwa bayan kanta a buɗe take, na san duk abin da ake faɗa ana ji daga can. Inna ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska. Na ga leɓenta na motsi ba sauti. A waje direba ya tayar da mota ya bar ta tana aiki. Ni da na shekara ina yi mata tsiya a kan kunyar nan, sai na ji kamar tufafinta ake ce ta cire a gaban maza, na sunkuyar da kai don ba na iya kallo.

Ta faɗa. A hankali ta fara, kofur ya ce bai ji ba. Sai ta ɗaga kai ta faɗa da ƙarfi, cikakken sunan da aka raɗa masa ranar suna, ta ƙara da cewa ɗanta ne, ita ta haife shi, bai taɓa ko riƙe dutsen nan ba. Aka kama babban yatsanta aka dangwala. Sai da aka sake sau biyu, don dutsen ya cinye zanen yatsan, tawadar ba ta fitar da komai sosai.

Sufeto ya shiga ciki da waya a kunne ya daɗe. Da ya fito ya ce da direba ya tafi. An ba da belin su biyun a hannun dagaci, da sharaɗin Yaya ya kawo harsasan washegari, ya kuma riƙa zuwa duk ran da aka neme shi. Bindigar ta shiga ma'ajiya, aka ba mu 'yar takardar shaida. Da kofur ya ɗauke ta Inna ta ce da ni in gaya masa ya rataye ta, kada ya ajiye a ƙasa, sanyi na sa ta tsatsa. Yaya ya yi ta zirga-zirga har bayan girbi kafin maganar ta mutu. Bai nemi nasa lasisin ba, da gwangwani da igiya yake korar jan-baki har yau.

A ranar dai Yaya ya fito da rigarsa a hannu, ido ja. Bai dubi Inna ba, ita ma ba ta dube shi ba. Aka bar babur ɗin sai wata rana, ya shiga gaba kusa da dagaci, mu muna baya. Rana ta yi ƙasa sosai, dagaci ya taka motar iya ƙarfinta don mu riga magariba, muka kuwa shiga zaure ladan na gyara lasifika. A hanya, da muka kusa gari, Inna ta taɓa ni ta ce in tambayi wancan ko sun ba shi abinci a can.

Rashin yafewar da ya ɗora mini bai sake tayar da maganarsa ba, ni ma ban tambaya ba. Sai bayan shekaru, ranar da muka dawo daga binne Inna, muna zaune a ɗakinta ƙusar na nan a bango ba komai a kai, ya ce mini ya ji ta a ranar nan a caji ofis. Ya ce da farko ya ɗauka wani ake kira, don bai san yadda sunan yake a muryarta ba. Ya ce yana tsugune a bayan ƙarfe, cikin mutanen da bai sani ba, ya amsa a hankali, ya ce na'am. Na tambaye shi ko ta taɓa sake faɗa. Ya girgiza kai ya ce sau ɗayan nan ne.